Ranar da Kawu Ya Faɗi a Ƙanƙara

Aikin da na fi daɗewa a kansa a shekarata ta farko a Dubai shi ne ɗaure wa mutane takalmi. Yanzu ba na ɓoyewa, amma a lokacin, a 2016, in aka kira ni daga Kano aka tambaye ni me nake yi, sai in ce ina ɓangaren kula da baƙi. Ba ƙarya na yi ba. Baƙin ne dai nake kula da ƙafafunsu.

Wurin wani makeken ɗaki ne a cikin babban kanti, an rufe shi ruf an sanyaya shi, an gina tudu a ciki an lulluɓe shi da dusar ƙanƙara. A waje rana tana gasa mutum, a ciki kuwa in ka yi magana sai ka ga numfashinka yana fita fari. Mutane suna zuwa wasan zamiya: a ɗaura wa mutum dogayen alluna biyu a ƙafa, a ba shi sanduna biyu, ya hau tudu ya sulalo. Akwai makaranta a wurin, malamanta suna sa jajayen riguna. Ni kuwa ina kantar waje da shuɗiyar riga, ina auna ƙafa ina miƙa takalmi mai nauyin dutsen niƙa.

Kawu ne ya kawo ni ƙasar. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina aji uku da mahaifina ya rasu. Kayan gyaran mota yake sayarwa. Sau uku ko huɗu a shekara yake zuwa, ya sauka a Al Sabkha, ya wuni a Ras Al Khor yana ɗaga ƙarfe yana jujjuyawa. Ya nema mini biza ne don in zauna a ofishin kago na wani abokinsa, inda ake loda kayan ’yan kasuwa a tura gida. Wata biyu na yi a can muka yi sa-in-sa da mai ofishin a kan wani kwali da ba ni na ɓatar ba, na ɗauki jakata na fita. Ina da zuciya, wannan kowa a gidanmu ya sani. Da Kawu ya ji inda na koma, a waya ya ce, “Wato ka bar kwantena ka koma wasan yara.”

Ana barin ma’aikata su shiga su koya da safe kafin baƙi su cika. Yawancin ’yan kanta sukan gwada sau ɗaya, su sha ƙasa, su ce halas, sun haƙura. Ni taurin kai ya hana ni bari. Na faɗi ta gaba, na faɗi ta baya, na faɗi a tsaye cak ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Bayan wata takwas na wayi gari ina saukowa daga can ƙololuwa ina lanƙwasa yadda na ga dama, kuma gaskiya ban taɓa son wani abu da jikina yake yi kamar yadda na so wannan ba.

Shugabar makarantar wata Baturiya ce da muke kira Madam, ’yar wani ƙauye a duwatsun Turai. Ta haura hamsin, gajera ce, fuskarta ta sha iska. Ta ce mana ta fara zamiya kafin ta iya ɗaura igiyar takalmi. Ita ke tsara jadawalin malamai, ita ke raba ɗalibai, kuma ita ke tsayawa a gindin tudu da allon rubutu tana kallon kowa ba ta cewa uffan. Wata safiya ta tare ni ta ce in ina so za ta sa ni a horon malamai. Jarrabawar kashi biyu ce, zamiyarka ta kanka da kuma koyarwa, kuma sau biyu kawai ake ba mutum dama. Kwantiragina na kanta zai ƙare a ƙarshen 2017. In na ci, a ba ni jar riga da sabuwar biza. In na faɗi, to sai in je in durƙusa a gaban Kawu ya mayar da ni ofishin kago, ko in koma gida.

Kashin farko ban sha wahala ba. Koyarwar ce ta kayar da ni, kuma a kan abin da ban taɓa zaton laifi ba ne.

Dokar Madam ita ce, in ɗalibi ya faɗi kuma ka ga bai ji ciwo ba, ba ka ɗaga shi. Ka tsaya ka nuna masa yadda zai tashi da kansa. Na ji dokar, na rubuta ta a littafina, har na ja mata layi. Ranar jarrabawa aka ba ni wani dattijo ɗan Indiya mai farin gashin baki. Yana tafiya a hankali sai allunansa suka harɗe, ya zauna daɓas. Kafin in yi tunani na riga na rungumo shi ta hammata na tsayar da shi, ina kakkaɓe masa riga ina ce masa sannu, da Hausa ma. Ya faɗi sau huɗu, na ɗaga shi sau huɗu. Ya tafi yana ta sa mini albarka.

A ofishinta Madam ta tambaye ni, “Sau nawa ya tashi da kansa?”

Na ce, “Madam, sa’an babana ne.”

Ta ce, “Na gani. Gobe in ya dawo ba ka nan, ya faɗi a tsakiyar gangare, wa zai ɗaga shi? Ya zo ya koyi abu uku, tafiya da tsayawa da tashi. Biyu ka ba shi. Kuma in ka ja mutum a kan gangare, ko ka goce masa kafaɗa ko ku sulale tare.”

Raina ya ɓaci. Na ce mata a wurinmu yaron da zai ga babba a ƙasa ya tsaya yana ba shi bayani, za a ce ba a haife shi a gida ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce ta yarda, kuma abu ne mai kyau, amma saura dama ɗaya, nan da wata biyu.

Wata biyun nan na yi su ina yaƙi da hannuwana. Nakan bi malamai ina taimakawa, hannuwa a harɗe ta baya kamar ɗan sanda a fareti. Da yara da matasa abin ya zo da sauƙi, har daɗi nake ji in ga yaro yana mutsu-mutsu ya miƙe. Amma da na ga furfura a ƙasa sai ƙafata ta fara tafiya ba da izinina ba. A filat ɗinmu na Hor Al Anz mu biyar ne, duk Hausawa, kuma sun mayar da ni abin dariya. Wani ɗan Katsina da ke aikin kago yakan zube a tsakar falo da gangan ya miƙo hannu yana nishi, in na tsallake shi a yi ta tafi.

A zagaye na biyu an ce kowane mai jarrabawa ya zo da babban mutum ɗaya wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba. Na zaɓi ɗan Katsinan. Sa’ana ne, ko awa zai yi a ƙasa ba zan ji komai ba. Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu yana gari a makon, kuma kwantenar da ɗan Katsinan zai loda a ranar kayan Kawu ne a ciki. Da safe ɗan Katsina ya je ya roƙi Kawu a ɗaga lodi zuwa la’asar, ya faɗi dalili. Daga baya ya ba ni labarin yadda aka yi. Kawu ya dube shi ya ce, “Habibi, kai tsaya ka loda mini kayana. Ni zan je a madadinka in ga wasan nan da ya fi kago.”

Ina bakin kanta ina duba agogo sai ga Kawu da kaftani ruwan toka da hula zanna, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

“Kawu, lafiya?”

“Lafiya lau. An ce kana neman ɗalibi. Yalla, ga ni.”

Na so in je in roƙi Madam a ɗaga ranar. Na duba ta gilashi na gan ta ta riga ta ɗauki allon rubutunta. Kawu kuma mutum ne da in ya ce zai yi abu, hana shi ya fi abin wuya. Shekararsa sittin da ɗaya a lokacin, da ƙarfinsa, mutumin da ke ɗaga giyar mota shi kaɗai.

Sa masa kaya shi ne ɓangare mai sauƙi. Ya shiga ɗaki ya fito da wandon sanyi da jibgegiyar riga, na durƙusa na ɗaure masa takalmi, aikina na da. Da aka zo hular kwano ya tsaya jim, sannan ya cire zannarsa ya miƙo mini. Na daɗe ban ga kansa ba hula ba. Furfurar ta fi yadda nake tsammani. Na ninke hular na sa a cikin rigata.

Muna shiga sanyi ya buge shi, ya ce, “Subhanallah, mutane da kuɗinsu.” Na gabatar da shi ga Madam, na ce kawuna ne. Ta dube ni, ta dube shi, ta rubuta wani abu, ta koma gefe kamar taku goma.

A rayuwata ban taɓa ba Kawu umarni ba. Yanzu ga shi dole in ce masa ya lanƙwasa gwiwa, ya duba gaba, ya daina kallon ƙafarsa. Na yi ta nannaɗe maganar da ladabi, “Kawu, da za ku ɗan matso da bakin allunan, ku buɗe bayansu, kamar samosa.” Ya ce, “Ka yi magana kai tsaye, ba rance ka zo nema ba.” Kuma abin mamaki, ya iya. Ya yi tafiyar agwagwa a fili, ya hau ɗan gangaren masu koyo, ya sulalo shwayya-shwayya, a hankali, ya tsaya daidai inda na ce. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Karo na uku ya ce in matsa, ba sai na tsaya a gabansa ba.

A karo na huɗu ya waiga ya ga ko Madam tana kallo. Allon hagu ya hau na dama, ya juya, ya faɗi ta gefe, sanda ɗaya ta yi nata wuri.

Na isa wurinsa a guje. Na tambaye shi ko akwai inda ke ciwo, ya motsa ƙafa, ya motsa hannu, ya ce babu. Ya yunƙura, allunan suka zame, ya koma. Ya sake, ya koma. Wasu yara biyu suka wuce ta gefenmu suna dariyar abinsu, ba da shi suke ba, amma na ga ya ji. Sai ya miƙo mini hannu, ko kallona bai yi ba, yadda mutum ke miƙa hannu a karɓi buta.

Hannuwana suna baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam. Wannan hannun da ya miƙo shi ya riƙe ni ya kai ni makaranta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don na san in na kama hannun nan jar riga ta tafi.

Na ce, “Kawu, ba a ɗagawa. Zan nuna muku yadda za ku tashi.”

Ya ɗago kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa buƙatar haka ba.

“Ina ƙasa, kana tsaye a kaina kana mini bayani?”

Maganar ta shige ni. Kuma a nan na gane abin da ya fi damuna tun ranar dattijon Indiya. Rashin ɗagawar yana da ciwo, amma tsayuwar ta fi. Tun ina yaro ban taɓa yi wa Kawu magana yana zaune ina tsaye ba, ko saƙon gishiri na kawo sai na kai gwiwa ƙasa. Madam ta hana ni ɗagawa, amma ba ta taɓa cewa dole in tsaya ba.

Na jefar da sandunana, na kwanta a ƙanƙara ta gefensa, ta ɓangaren gangare, yadda kaina ya yi ƙasa da nasa. Na harɗe allunana kamar yadda nasa suka harɗe.

Ya ce, “Me kake yi haka?”

“Na faɗi ne, Kawu. Yanzu zan tashi. In kun ga dama ku bi ni.”

Ya ƙura mini ido. Sanyi ya fara ratsa mini kafaɗa. Na kai hannu na danna maɓallin bayan takalmi, allo ɗaya ya fita, na cire ɗayan. Na jira. Can sai na ji ƙas, ya cire nasa. Na juya na kifa a kan tafin hannu da gwiwoyi. Ya juya yana nishi. Na kafa ƙafar dama a gaba, na ɗora hannu biyu a kan gwiwar.

Na ce, “Kamar tashi daga sujada zuwa raka’a ta biyu.”

Ya ce, “Kai za ka koya mini sujada?”

Amma ya kafa ƙafar. Na tsaya a durƙushe ban miƙe ba, na bar shi ya riga ni. Ya danna gwiwarsa, ya yi rawa kaɗan, ya miƙe tsaye. Sai da ya daidaita sannan na tashi. Ya kakkaɓe rigarsa da kansa, ya ce in mayar masa da allunan. Ya faɗi sau biyu bayan haka. A na farko na sake kwanciya tare da shi. A na biyu ina shirin sauka ya ɗaga mini hannu ya ce, “Tsaya inda kake,” ya tashi shi kaɗai.

Da aka gama Madam ta kira ni gefe. Ta tambayi dalilin kwanciyar, na gaya mata yadda abin yake a wurinmu. Ta ce wannan ba ya cikin littafi, kuma na ɓata minti shida a kan faɗuwa ɗaya, kuma in ina da ɗalibai takwas ba zan kwanta wa kowa ba. Sannan ta ce in je sito a auna ni, riguna masu girmana sun kusa ƙarewa.

Na sami Kawu a waje yana shan shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu. Na ciro hularsa na miƙa masa, ya sa, ya gyara mata zama. Na gaya masa na ci. Ya kurɓi shayi ya ce, “Yatsun ƙafata sun mutu. Kira mini ɗan Katsinan nan in ji ko an gama lodi.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya koma Kano ya yi ta ba mutane labarin cewa ɗan da ya riƙe ya bar shi kwance a ƙanƙara a gaban Turawa, kuma na kasa gane ko ƙorafi yake ko alfahari. Amma bai sake cewa wasan yara ba.

Shekara biyu bayan haka Madam ta ba ni sashen masu koyo. Na koma ni ke tsara jadawali, ni ke sauraron malamin da ke son hutu ranar da kowa ke son hutu, ni ke tsayawa da allo a gindin tudu. Sababbin malamai suna zuwa daga ƙasashe iri-iri, kuma na lura waɗanda suka fito daga gidaje irin namu duk hannunsu yana riga su. Ba na musu faɗa. Nakan ce in babba ya faɗi su sauka ƙasa tare da shi, kuma kada su riga shi miƙewa. Madam ta ji ni wata rana, ta wuce ba ta ce komai ba, wanda a wurinta amincewa ce.

Da korona ta zo aka rufe wurin, aka tsayar da jirage, muka zauna a filat muna kallon juna. Kawu bai sake zuwa Dubai ba. Ciwon suga ya kama shi sosai, ƙafafunsa suka yi rauni, ya bar wa ’ya’yansa shago. In na kira shi yakan ce lafiya lau, ya tambayi farashin kaya a Ras Al Khor kamar gobe zai zo.

Wata safiya a farkon 2021, an sake buɗe mu ina shirin fita aiki, Hajiya matarsa ta kira ni. Ta ce kada hankalina ya tashi, amma jiya da hantsi Kawu ya faɗi a tsakar gida yana dawowa daga alwala. ’Ya’yansa biyu, manyan maza, suka rugo za su ɗauke shi, ya daka musu tsawa.

Ta ce, “Ce musu ya yi kada wanda ya taɓa shi. Suka tsaya cirko-cirko. Sai ya ce da babban, ‘To kai kuma tsaye za ka yi a kaina? Sauko.’ Yaro ya zauna a siminti bai san me ake ciki ba. Kawunka ya juya, ya kafa gwiwa, ya ɗora hannu, ya daɗe yana abu ɗaya, ni har na fara hawaye. Ya miƙe dai. Da ya zauna a kujera ya ce a gaya maka wai bai manta ba.”

Na ce ta ba shi wayar. Ta ce yana barci, in kira anjima.

Wata uku bayan nan ya rasu. Ban samu jana’iza ba, sai bayan kwana tara na isa gida, kuma har yau abin yana cina. Da na dawo aiki, ɗalibin farko da jadawali ya ba sashena wani dattijo ne Balarabe da jikokinsa suka jawo shi. Malamin da na sa masa sabo ne. Ina tsaye da allona na ga dattijon ya faɗi, na ga malamin ya harɗe hannuwa a baya yana waige-waige. Na ajiye allon a kan shinge, na je na ce masa ya koma wurin yaran, wannan ni zan yi.